Ra'ayinmu: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A cikin shekarar 2023 an yanke wa Jamhuriyar Nijar hukunci biyu a kan laifi ɗaya, watau juyin mulkin da sojoji suka yi wa Shugaba Mohamed Bazoum ran 26 ga Yuli. Na farko a Abuja aka yanke shi ran 30 ga watan, inda shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka rufe iyakoki, suka tsai da ciniki, Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa maƙwabciyarta. Na biyu daga Washinton ya fito a ƙarshen Oktoba, sa'ad da Shugaba Joe Biden ya sanar da majalisar ƙasarsa cewa daga farkon Janairun 2024 an cire Nijar, tare da Gabon da Uganda da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, daga jerin ƙasashen da ke shigar da kayansu Amurka ba tare da biyan kuɗin fito ba. Ra'ayi guda ne ya haifi hukuncin nan biyu: wai ciniki gata ne, gata kuwa ba a ba gwamnatin da ta taka haƙƙin mutanenta.

Mu mutanen Jigawa ba mu da halin kallon wannan magana daga nesa. Jiharmu tana cikin jihohi 7 da suka yi iyaka da Nijar, arzikinmu kuwa ba a rijiyar mai yake ba. Yana cikin buhun riɗi da na zoɓo, da ƙaro, da fatu, da dabbobin da ake korowa Maigatari kowace Alhamis. Manomin Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu da ya kai amfanin gonarsa Shuwarin ko Sara bai san tashar jirgin ruwan da buhunsa zai sauka ba, amma tayin da dillali zai yi masa yana da tushe a dokokin da ake yi a majalisun da bai taɓa jin sunansu ba. Saboda haka bari mu faɗi matsayinmu tun da wuri. Ba mu ƙi a ɗaure ciniki da mutuncin ɗan Adam ba. Yadda ake ɗaurin ne muke tuhuma, domin tarihin shekara 50 ya nuna igiyar ba kasafai take kama wuyan mai ƙarfi ba, in kuwa aka ja ta, talakan da aka ce ana ceto shi ke fara shaƙewa.

Dokar Amurka da aka hukunta Nijar da ita, wadda aka fi sani da AGOA, Shugaba Bill Clinton ne ya sa mata hannu a watan Mayun 2000, a 2015 kuma aka sabunta ta da wa'adin shekara 10, zuwa ƙarshen Satumban 2025. Ta buɗe kasuwar Amurka ga dubban kayayyakin ƙasashen Afirka na kudu da Sahara ba fito. Amma fa mai karatu ya lura, ba yarjejeniya ba ce da aka zauna aka yi tayi aka sallama. Majalisar Amurka ita kaɗai ta rubuta ta, shugaban Amurka kuma aka ba ikon duba sunayen kowace shekara, ya bar wanda ya ga dama, ya soke wanda ya ga dama. Sharuɗɗanta sun haɗa da mulkin doka, da jam'iyyu fiye da ɗaya, da yaƙi da cin hanci, da 'yancin ma'aikata na kafa ƙungiya, da cewa kada gwamnati ta yi mummunan cin zarafin jama'arta. Wane mai hankali zai ƙi waɗannan? Sai dai a cikin sashen nan guda aka ƙara cewa tilas ƙasa ta bi tsarin kasuwa, ta kau da shingen da ke tare kayan Amurka da jarinta, kada kuma ta aikata abin da zai ɓata tsaron Amurka ko manufofinta na waje. An zuba zuma da maɗaci a ƙwarya ɗaya, an miƙo mana, kowa ya ci ladan kuturu kuwa ya san abin da ke gabansa.

Turai ma tana da nata. Tun yarjejeniyar Lome ta huɗu, ta 1989, aka fara rubuta maganar haƙƙin ɗan Adam cikin cinikinta da ƙasashenmu, ta Kwatano ta 2000 ta daɗa ƙarfafa ta. Ta kuma ƙago wani rangwame na musamman wanda sai ƙasa ta amince da yarjejeniyoyin duniya 27 take samu. Nijeriya ta nema, a ƙarshen 2008 aka hana ta, saboda ba ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana kisan ƙare dangi ba, wadda aka yi tun 1948. A watan Yulin 2009 sai ga Nijeriya ta shiga. Shekara 48 da 'yan watanni muna da mulkin kai ba wanda ya tuna da takardar, sai da aka rufe mana wata ƙofar kasuwa. A cikin watan nan na Yuli ne kuma aka harbe mutane a Maiduguri ba tare da shari'a ba, wasunsu suna tsare a hannun jami'an tsaro. Sharaɗin ya iya motsa alƙalami a Abuja, bai kai ga hannun da ke riƙe da bindiga ba.

Asalin dabarar ya girme mu duka. A 1974, ana tsakiyar gaba tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, Sanata Henry Jackson da ɗan majalisa Charles Vanik suka cusa wani sashe cikin dokar cinikin Amurka, wanda ya hana rangwamen fito ga ƙasashen gurguzu masu hana mutanensu ƙaura. Yahudawan Sobiyet ake nufi. Me ya biyo baya? A Janairun 1975 Mosko ta yi watsi da yarjejeniyar cinikin da ta ƙulla da Amurka a 1972, yawan waɗanda aka bari suka fita kuma ya faɗo daga wajen 35,000 a 1973 zuwa wajen 13,000 a 1975. Daga baya ya sake hawa, har ya wuce 51,000 a 1979, masana kuma sun yi ta gardama a kan ko dokar ce ta jawo haka ko lissafin siyasar Kremlin. Abin da ba gardama a kai shi ne, a shekarun farko waɗanda aka yi dokar dominsu su ne suka biya kuɗin girman kan gwamnatoci biyu.

Duk da haka ba za mu bi sahun masu cewa a raba kasuwa da adalci ɗungum ba, domin in mun faɗi haka mun ƙaryata abin da ya fi kome kyau a tarihin harkokin wajen ƙasar nan. Wace ƙasa ta kai Nijeriya matsa wa duniya lamba ta daina ciniki da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu? Mun ƙaurace wa wasannin Olimfik na Montreal a 1976. A shekarar nan aka kafa asusun taimakon kudancin Afirka, ma'aikatan gwamnati suka ba da gudummawa daga albashinsu, ɗalibai suka ba da abin da suke da shi. A 1979 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙwace hannun jarin kamfanin mai na BP a ƙasar nan. A 1986 majalisar Amurka ta kafa dokar takunkumi a kan Afirka ta Kudu, Shugaba Reagan ya hau kujerar na ƙi, majalisa ta tsallake shi ta tabbatar da ita. Mu da wasu muka yi murna, muna da gaskiya kuwa. Amma a dubi abin da ya bambanta wancan takunkumi da sauran. Waɗanda ake zalunta su ne suka roƙe shi da bakinsu. Tun ƙarshen shekarun 1950 Albert Luthuli da jam'iyyar ANC suka nemi duniya ta ƙaurace wa kayan ƙasarsu, sun san yunwar za ta fara da su, suka ce sun ji sun gani. Haka nan ƙasar Suwazilan, wadda ake kira Eswatini yanzu: ƙungiyoyin ƙwadagonta sun daɗe suna kai kuka a kan dokokin da suka hana su taro da rajista, aka cire ta daga AGOA a 2015 bisa wasu sharuɗɗa ƙididdigaggu, gwamnatin Sarki Mswati ta gyara dokokin, aka mai da ita a 2018. Inda mai kuka ya nemi maganin da kansa, aka kuma faɗi abin da za a gyara dalla-dalla, dabarar takan yi aiki.

To, ina ba ta aiki? Duk inda mai dokar yake da bukata. A 1993 Shugaba Clinton ya ɗaure rangwamen cinikin Sin da sharaɗin haƙƙin ɗan Adam, jinin dandalin Tiananmen na 1989 bai gama bushewa ba. Sin ba ta ko ɗaga kai ba. A watan Mayun 1994, shekara guda cur, Clinton ya kwance ɗaurin da hannunsa, domin manyan kamfanonin ƙasarsa ba su yarda su rasa kasuwar mutum fiye da biliyan ɗaya ba.

Misali na biyu namu ne. Ran 10 ga Nuwamban 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa 8 na Ogoni a Fatakwal, a daidai lokacin da shugabannin ƙasashe renon Ingila ke taro a Niyu Zilan. Aka dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar. Turai ta hana sayar mana da makamai, ta hana manyan sojoji bizar shiga, ta tsai da taimakon raya ƙasa. Nelson Mandela ya nemi a daina sayen manmu, shi ne kaɗai abin da zai taɓa aljihun gwamnatin. Ba wanda ya saurare shi. Jiragen dakon mai suka ci gaba da lodi, kafin shekarar ta ƙare ma aka ba da kwangilar gina masana'antar iskar gas ta Boni. Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamban 1997, Moshood Abiola ya rasu a tsare a Yulin 1998, man kuwa bai fasa kwarara ba ko na kwana ɗaya. Taimakon raya ƙasa da aka tsayar shi ne rabon talaka a cikin hukuncin.

Na uku ya shafi itacen da muka sani a dajinmu. A Nuwamban 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin ciniki, ta lissafa ta'addanci da cin zarafin jama'a da bauta cikin dalilanta. Amma Sudan ce ke samar da mafi yawan ƙaron duniya, ƙaro kuwa shi ke riƙe lemon kwalba kada ya tsinke, yana shiga alewa da magunguna da aikin ɗab'i. Masu waɗannan masana'antu suka yi ca a kan majalisa, sai aka buɗe wa ƙaro ƙofar lasisi ta musamman. Gwamnatin Umar al-Bashir ta ci gaba da sayarwa. Bayan 'yan shekaru, a zamanin Gwamna Saminu Turaki, Jigawa ta himmatu wajen dashen dakwara da fatan samun gurbi a kasuwar nan. Wanda ya dasa dakwara a lokacin yana da haƙƙin ya tambaya: in da gaske ake hukunta Khartum, me ya sa aka bar mata hajar da ta fi kowa? Amsar a fili take. An tsara takunkumin yadda ba zai taɓa kwalbar da ke kan teburin mai tsara shi ba.

Har a cikin AGOA kanta ma'aunin ba ɗaya ba ne. An cire Mali da Gini a 2022, Burkina Faso a 2023, Nijar da Gabon a 2024, duk saboda sojoji. Amma a Afrilun 2021, da Idriss Déby ya mutu, ɗansa ya hau bisa kan majalisar soja, aka jingine tsarin mulkin Cadi, ba a cire Cadi ba, domin sojojinta na da amfani a yaƙin Sahel. Ruwanda kuwa, wadda aka daɗe ana kuka da yadda take yi wa 'yan hamayya da 'yan jarida, ba a taɓa ta a kan wannan ba. Sai a 2018 aka dakatar da rangwamen tufafinta, laifinta shi ne ta ƙara fito a kan gwanjo don ta raya masaƙunta, 'yan kasuwar gwanjo na Amurka suka kai ƙara. Kenya da Uganda da Tanzaniya, da aka yi shawarar tare da su, suka janye tun da wuri. Mu da muka ga yadda masaƙun Kano da Kaduna suka mutu ba ma bukatar a fassara mana wannan labari.

Sa'an nan a dubi wanda ke ɗaukar bulalar. Da aka cire Habasha a farkon 2022 saboda ta'asar yaƙin Tigray, ta'asa ce kuwa ta gaske, ba janar ko minista ɗaya da ya rasa albashi. Dubban 'yan mata masu ɗinki a masana'antun Hawasa, 'ya'yan manoma irin ƙannenmu, su aka sallama. Yaƙin bai tsaya ba sai a Nuwamban 2022, a teburin sulhun Pretoriya da Tarayyar Afirka ta shirya. Lesotho kuma, ƙaramar ƙasar da ta yi zaɓe, ta cika sharuɗɗa, ta gina rayuwar dubban ma'aikata a kan ɗinkin wandunan da ake kaiwa Amurka, a Afrilun 2025 Shugaba Trump ya sanar da fiton kashi 50 cikin 100 a kan kayanta, kafin daga baya a rage. Ba a tuhume ta da zaluntar kowa ba. Ashe wanda ya karya sharaɗi da wanda ya cika duk ana iya kwana da su a waje.

Mu fa, me muka samu? Mafi yawan abin da Nijeriya ta shigar Amurka a ƙarƙashin AGOA ɗanyen mai ne. Riɗin da ake tarawa daga kasuwanninmu zuwa Dawanau, Japan da Sin da Turkiyya ne manyan masu sayensa, zoɓonmu kuwa Meziko ya fi tafiya. Gatan nan inuwar giginya ce ga manomin Jigawa. Abin da ya taɓa rufe wa amfanin gonarmu ƙofar Turai ma ba maganar haƙƙi ba ce: a 2015 aka hana shigar da wakenmu saboda gubar fiya-fiya da ake zuba masa a rumbu, wannan kuwa aikin hannunmu ne, kuma waken da Bature ya ƙi mu muka ci.

Amma kada mu cika baki da laifin Turawa, domin hukuncin da ya fi cutar da mu a 'yan shekarun nan a Abuja aka sa masa hannu. Cire Nijar daga AGOA bai girgiza kowa ba, gama abin da take sayarwa Amurka bai taka kara ya karya ba. Rufe iyaka shi ne ya shiga kowane gida. ECOWAS ta dogara da yarjejeniyarta ta 2001 a kan dimokuraɗiyya da kyakkyawan mulki, wadda ta haramta hawa mulki ta hanyar da ba ta tsarin mulki ba. Manufa ce mai kyau, mu ma ba mu goyon bayan mulkin bindiga ko a ina. Amma a duba yadda aka yi. A Janairun 2022, da ƙungiyar ta sa wa Mali takunkumi, ta keɓe abinci da magani da man fetur da lantarki. A kan Nijar ba ta keɓe kome ba. Aka kashe wuta a ƙasar da mafi yawan lantarkinta daga Nijeriya yake zuwa, asibitoci da firjin allurar rigakafi duk a ciki. Motocin abinci da magani suka yi cirko-cirko a kan iyakoki. A ɓangarenmu kuwa, kasuwar Maigatari, wadda rayuwarta ita ce raƙuma da shanu da tumaki su gangaro daga Damagaram, hatsi da kayan masarufi su haura, ta yi sanyi. Dillalai da 'yan kamasho da direbobi da masu dako da mata masu sayar da abinci suka zauna hannu rabbana. Wanda ya matsu ya bi ta daji, abin da zai biya a ofishin kwastan da rasit ya biya shi a shingen hanya ba rasit. Iyakar nan Ingila da Faransa ne suka ja ta a farkon ƙarni na 20, ta raba Gumel da Damagaram a takarda, ba ta raba aure da zumunci da bashi ba.

Me aka samu? Ran 24 ga Fabrairun 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumin, ta ce don jin ƙai, a watan Maris Nijeriya ta buɗe iyaka. Bazoum yana tsare aka sa takunkumin, yana tsare aka ɗage shi. Janar Abdourahamane Tchiani ya fito da ƙarfin da bai shiga da shi ba, domin an ba shi abin da kowane mai mulkin soja ke addu'ar samu, watau maƙiyi na waje da zai ɗora wa alhakin yunwa. Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu daga ƙungiyar a Janairun 2024, ficewar ta tabbata a Janairun 2025. Wata bakwai na wahalar talakawan ƙasa biyu, ribar ke nan.

Mun san akwai masu jiran mu kai nan su ce, to, ai shi ya sa muke cewa kowa ya ji da gidansa, kada baƙo ya sa mana baki. Muna roƙon 'yan'uwa ɗalibai su yi hattara da wannan waƙa, su dubi bakin da ke rera ta. Ita Abacha ya rera a 1995. Ita gwamnatin Pretoriya ta rera shekara da shekaru. Mai mulki ba ya tuna da 'yancin ƙasa sai ran da aka tambaye shi ina ya kai wane. Haƙƙin ɗan Adam kuwa ba kayan aro ba ne a wurinmu. Yana cikin babi na huɗu na tsarin mulkinmu, yana cikin yarjejeniyar Afirka ta 1981 da Nijeriya ta mai da ita dokar gida a 1983, kafin su duka kuma addininmu ya haramta jinin mutum da dukiyarsa da mutuncinsa. Ɗaliban da aka harbe a Legas da Zariya a 1978, da waɗanda aka kashe a Samaru a 1986, ba don wata dokar Washinton suka fito ba. A watan Agustan 2024 aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa, ƙungiyar Amnesty ta ƙirga mutum 24 aƙalla da aka kashe a jihohin arewa 6, Jigawa na ciki, 'yan sanda suka musanta. Ran 1 ga Nuwamba aka gurfanar da yara ƙanana a kotun tarayya a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, wasu suka zube a gaban alƙali saboda yunwa. Ba ƙasar da ta janye mana rangwamen ciniki a kan wannan, muna da mai, muna da jama'a. Abin da ya fito da yaran nan cikin 'yan kwanaki shi ne ihun 'yan Nijeriya. Wanda ke jiran majalisar wata ƙasa ta tsare masa mutunci zai daɗe yana jira, wanda kuma ya ce a daina maganar mutuncin don baƙo ya ambace ta, ya ba azzalumi kyautar da bai roƙa ba.

Saboda haka kiranmu ga majalisarmu yake. Tsarin mulki ya ce ba a tura soja yaƙi wajen ƙasa sai da yardar Majalisar Dattawa, shi ya sa a Agustan 2023 sanatoci suka sami bakin cewa a bi hanyar sulhu. Rufe iyaka da yanke wuta kuwa sanar da su kawai aka yi, alhali su ma suna kisa, sai dai ba ƙara. Muna neman doka ta Nijeriya da za ta ce duk takunkumin ciniki a kan wata ƙasa sai majalisa ta tabbatar da shi cikin kwanaki ƙididdigaggu, a ji ta bakin jihohin kan iyaka, a rubuta abin da ake so ɗaya ɓangaren ya gyara, a kuma sa ranar da hukuncin zai faɗi da kansa in ba a sabunta shi ba. Abinci da magani da lantarki su fita daga ciki har abada. In za a hukunta, a bi asusun bankin masu juyin mulki da gidajensu da tafiye-tafiyensu. Ita Amurka ma da ta soke dokar Jackson da Vanik a kan Rasha a 2012, da dokar Magnitsky ta maye gurbinta, mai bin mutum da sunansa. Wannan ma'aunin ne kuma ya kamata wakilanmu su riƙa a gaban Turai da Amurka: sharaɗi a rubuce, ɗaya ga kowa, da wurin da wanda aka hukunta zai ɗaukaka ƙara.

Haka nan yarjejeniyoyin da ake sa wa hannu da sunanmu. Da Nijeriya ta sa hannu a kan ta Samowa a Yunin 2024, wadda ta gaji ta Kwatano, arewa ta ɗauki zafi a kan abin da aka ce tana ƙunshe da shi, gwamnati ta musanta, aka yi ta cacar baki makonni. Nawa ne cikin masu zagi da masu karewa suka karanta ta? Da an fassara ta da Hausa an karanta a rediyo kafin a sa hannu, da jama'a sun yi gardama a kan abin da ke ciki, ba a kan ji-ta-ji-ta ba.

Ga 'yan'uwanmu da suka riga mu shiga aikin gwamnati a sakatariyar Dutse kuwa, akwai aiki a gabanku da ba ya jiran Abuja. A 2024 Tarayyar Turai ta kafa dokar hana shigar da duk kayan da aka yi da aikin tilas, za ta fara aiki a Disamban 2027. Wannan ba gwamnati take tuhuma ba, buhu take tuhuma. Ɗan kasuwar da ke son kai riɗi ko ƙaro can zai so ya san gonar da ya fito da hannun da ya girbe shi. Babban kamfani yana da akawu da lauya, zai cika takarda. Mai kadada ɗaya a Miga ko Buji ba shi da su, in ba a tara shi cikin ƙungiyar manoma mai rajista ba, sai a tsallake shi a saya wurin mai babbar gona, dokar da aka yi don kare lebura ta zama sanadin korar ƙaramin manomi daga kasuwa. Ma'aikatun gona da na ciniki ne za su yi rajistar nan, su kuma dubi abin da ake biyan mata da yaran da ke ɓarar zoɓo, wanda ya kamata a duba ko da Turai ba ta tambaya ba.

Muna ba shugabannin ƙungiyar ɗalibai shawara su gayyaci sanatan Jigawa ta Tsakiya da 'yan majalisar wakilai na shiyyar zuwa zauren taro kafin ƙarshen zangon nan, a kuma gayyato shugabannin 'yan kasuwar dabbobi da na hatsi su zauna a sahun gaba. Tambayar farko da za a yi musu ita ce, wane ne cikinsu zai gabatar da ƙudurin dokar takunkumin nan, kuma a wane wata.